Neman Mai Jin Maganar Inna

Tun da na dawo daga Kamaru ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta ƙofar masallaci, a firamaren da nake koyarwa, har abokan karatuna da ke birni, kowa sai ya ce, "Malam Isyaku, yaya ƙasar take? Wai da gaske burodinsu ya kai tsawon sanda?" Nakan ce da gaske ne. Amma ba burodi na je gani ba, kuma na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi. Ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya karanta ya hutar da ni.

Mahaifiyarmu, Inna, ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu farkon daminar bana, muna tsakiyar noman fari. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Muka kai ta asibiti a Kano, aka yi abin da za a yi, aka sallamo mu. Da bakinta ya buɗe, sai Hausa ta ƙi fitowa. Matar da in ta jefe ka da karin magana sai ka wuni kana juya ta, ta koma wata irin magana da ba a taɓa ji ba a ƙauyenmu. In aka ɗora ta a kan Fatiha takan bi har ƙarshe. Amma in ka ce, "Inna, za ki sha kunu?" sai ta zuba maka ido, ta yi ta maimaita waɗansu kalmomi, kullum su ɗin dai, hawaye na bin gefen fuskarta.

Likita ya ce akan samu haka, wani lokaci yaren da mutum ya fara ji a duniya shi ne yake saura. Muka ce ai Inna ba ta da wani yare. Mutanen gari kuwa suka yanke nasu hukuncin, suka ce mutanen ɓoye ne ke magana da bakinta. Babban wanmu, Yaya Habibu, ya kawo masu ruƙiyya, aka yi ta turara mata hayaƙi tana tari. Maƙwabta suka daina aiko yara gidan. Ƙanwata Dije ce kaɗai ke kwana da ita.

Na ɗauki muryar Inna a wayata. Ranar kasuwar Ɗambatta na zaga da ita, na kunna wa Fulani a kara, na kunna wa Buzaye da Barebari, kowa ya girgiza kai. Wani direban babbar mota mutumin Adamawa ne ya saurara sau da yawa, ya ce, "Ba yarenmu ba ne, amma ya yi kama da na mutanen duwatsu, can bayan Mubi." Da na kawo zancen gida, sai wani dattijo da ya yi wa kakanmu barantaka ya kira ni gefe. Ya ce, "Tun da abin ya kai haka, bari in faɗa maka. Alhaji kakanku ba shi ya haife ta ba. Daga fatauci ya zo da ita, shekarar wata yunwa, tana 'yar mitsitsiya. Daga ƙasar Faransa, wato Kamaru, ƙetaren Mubi."

Da aka ba mu dogon hutu na sami Yaya a zaure na ce zan tafi.

"Ka je ka tono mana me?" in ji shi. "In ka tarar danginta arna ne fa? Muna da 'yan mata a gidan nan, ba su yi aure ba."

"Yaya, ba dangi zan nema ba. So nake in san abin da take faɗa."

Ya mai da ido kan tabarma. "Allah ya kiyaye hanya," ya ce, bai ɗago ba.

Mun yi shiri da Dije. Duk inda na gamu da mai wani yare zan ɗauki muryarsa in turo, ita kuma ta kanga wa Inna a kunne, ta ga ko za ta motsa.

Daga Kano na shiga motar Gombe, na kwana a tasha a kan benci, washegari muka ɗauki hanyar Biu. Hanyar nan ta ci mu. Direba na kauce wa rami yana faɗawa wani, kajin da aka ɗaure a ƙarƙashin kujerarmu suna kuka, wata mata tana amai a leda. A cikin wannan halin na fara roƙon mutane. Nakan ce, "Don Allah ka gaishe min da mahaifiyata da yarenku, ba ta da lafiya." Ban taɓa sanin akwai yaruka da yawa haka a cikin mota ɗaya ba. Wata Batangaliya mai sayar da daddawa ta karɓi wayar da hannu biyu ta yi gaisuwa kamar Inna na gabanta. A Biu wani tsoho Bababure ya kama addu'a da yarensu, bai tsaya ba har direba ya gaji da danna ham ya fito ya jawo ni. Na ɗauki kiran 'yan kamasho, da cinikin masara gasassa ta taga, da wata waƙa da uwa ke yi wa jaririnta. Duk na tura.

Amsar Dije ba ta sake ba. "Yaya, ko gezau."

Daga Mubi wata tsohuwar mota ta kai mu bakin iyaka. Aka duba takarduna a ɓangarenmu, aka duba a nasu, na wuce ba matsala. Nan na sami Hamadu, wani Bafulatani mai ɗaukar fasinja a babur, mutum ne siriri mai furfura a gemu, yana jin Hausa da Fillanci da ɗan Faransanci. Muka yi ciniki zai kai ni Mokolo, garin da ke tsakiyar duwatsun.

Ba mu yi nisa ba muka tarar da shingen jami'an tsaro. Yayin da Hamadu ke nuna takardun babur, na ji waɗansu mata masu tallar gyaɗa suna hira da wani yare mai kama da na Inna, ko kuwa kunnena ne ya so ya ji haka. Na fito da waya na danna. Sai ji na yi an damƙe wuyan hannuna ta baya.

Aka shigar da ni wani ɗaki mai rufin kwano, aka zaunar da ni a ƙasa, aka cire min hula. Babban cikinsu ya yi ta faɗa da Faransanci, Hamadu na tsaye a bakin ƙofa yana fassarawa.

"Ya ce wa ya aiko ka?"

"Ka ce masa mahaifiyata ce ba ta da lafiya."

"Ya ce waɗanda suka ƙone ƙauyukan nan ma daga wajenku suka zo, kuma da waya suka fara zuwa, suna ɗaukar hoto."

Ban ga laifinsa ba ƙwarai, don a bangon ɗakin akwai hudojin harsashi. Ya buɗe wayar ya ga muryoyi jere, ya kunna ɗaya ya ji tsohon Biu yana addu'a, bai fahimta ba, ransa ya ƙara ɓaci. Ina kallo ya zaɓe su duka. Na ce, "Hamadu, ka roƙe shi ya bar min guda ɗaya, ta farkon nan, ta Inna." Hamadu bai fassara ba. Mutumin ya goge, ya bi ta inda muke magana da Dije ya goge nan ma, ya jefo min wayar a cinya. Sai bayan la'asar suka sake ni.

A kan hanya na ce, "Me ya sa ba ka faɗa masa ba?"

"Malam, in na ce akwai wadda ka fi so, cewa zai yi ita ce saƙon. Da yanzu kana bayan motarsu, an tafi da kai."

Ruwa ya tare mu kafin magariba, muka kwana a wani ƙauye gidan ɗan'uwan Hamadu. Da safe muka iske rafi ya kawo. Babu gada, sai ƙarti suka ɗaga babur a kafaɗa suka ƙetare da shi, mu kuma muka tuɓe riguna muka ɗora a ka. Ruwan ya kai min ƙirji, ya tafi da takalmina ƙafa ɗaya. Da silifas ɗin aro na shiga Mokolo.

Mu nan gida muna taƙama ba mu barin ƙasa ta zauna banza, tsakanin dawarka da ta maƙwabcinka kunya ɗaya ce kawai. To na ga waɗanda suka fi mu. Can a jikin dutse suke noma. Mutum zai jera duwatsu ya yi ɗan bango, ya tara ƙasar da ba ta fi faɗin tabarma ba, ya shuka dawa, ya hau sama ya sake yin wani, haka har ƙololuwa. Mata ne suka fi yawa a gonakin, da goyo a baya da 'yar gajeriyar fartanya. Amma duk dutsen da ya fuskanci iyaka, ciyawa ce ta rufe shi, gidajen da ke kansa babu jinka.

Masaukin da na samu yana bayan tasha. Ɗakin na warin danshi, katifar kuwa kuɗin cizo sun riga ni kama ta. Da asuba ladan ya kira salla da wata irin murya mai ja, ba irin tamu ba, gari na wayewa kuma ƙararrawar coci ta ɗauka, ba wanda ya kula. Na karya da dogon burodin nan da kuke tambaya, ɓawonsa ya kusa fasa min dasashi. Tuwonsu na jar dawa ne, miyar yakuwa da gyaɗa mai tsami ƙwarai. Gaisuwarsu gajeriya ce. Ka ce "Jam na?" a ce "Jam," shi ke nan. Ni da na saba tambayar gida da iyali da gajiya da ruwa, sai na riƙa jin kamar an katse ni.

Hamadu ya saya min layin waya na can da sunansa, na kira Dije na ce ta sake ɗauko min muryar Inna. Da saƙon ya shigo na kunna, sai na zauna a bakin gado. Kalmomin su ne, amma muryar ta ragu, tana ja da numfashi a tsakaninsu.

"Ta daina cin tuwo," in ji Dije. "Kunun ma sai na matsa. Yaya, ka dawo haka nan."

Na ce ta ba ni zuwa ranar kasuwa.

Ranar kasuwa mutane suka gangaro daga kowane dutse. A gefe guda ana auna gero, kusa da su mata sun jera tulunan burkutu a fili, maza da mata na sha da ƙwarya, wani mai carbi na wucewa ta gabansu suna gaisawa. Yaruka kuwa kamar kasuwar tsuntsaye. Hamadu ya ce wani dutsen ba ya jin maganar dutsen da ke kallonsa, sai sun haɗu a Fillanci. Wannan karon ban ɗauki muryar kowa ba, tsoro ya hana ni. Kunnawa kawai nake yi, Hamadu na bayani.

Da yawa da sun ji daga Nijeriya nake sai su juya baya. Wani mai sayar da awaki ya tofar da yawu kusa da ƙafata, ya ɗaga riga ya nuna min tabon sara a haƙarƙarinsa. Waɗansu suka saurara suka ce sun tsinci kalma ɗaya ko biyu, amma ba nasu ba ne. Rana ta take, cajin waya ya kusa ƙarewa, na samu gindin wata bishiya wajen masu itace na zauna. Na kunna don kaina kawai.

Wata mata da ke sauke dami a kusa da mu ta tsaya da shi a hannu. Ta ajiye, ta matso, ta yi wa Hamadu magana da Fillanci.

"Ta ce ka sake."

Na sake. Ta dafe baki.

"Ta ce wannan maganar garinsu ce. Wa ke yin ta?"

Sunanta Mariya. Mutanen wani ƙaramin dutse ne a kan iyaka, an kai musu hari an kashe mijinta, waɗanda suka tsira suna zaune a bayan gari. Ta ce ita ta ji abin da ake faɗa, amma ba ta so ta faɗe shi a kasuwa, mu zo wajen uwar mijinta.

Wurin da suke zaune bukkoki ne na kara da tsofaffin buhuna, a kan fako inda ko ciyawa ba ta so. Ga damina ta yi kyau, ga manoma, babu gona. Mazan da suka rage suna ƙwadago a gonakin mutane, matan suna itace. Tsohuwar, wadda suke kira Dada, tana zaune a kan dutse a ƙofar bukka, ta rame har ana ƙirga ƙasusuwanta, da ɗan gicciye na katako a wuya. Ba ta jin Fillanci. Sai maganar ta zama hawa-hawa: ita ta faɗa wa Mariya, Mariya ta juya wa Hamadu da Fillanci, Hamadu ya ba ni da Hausa.

Da na kunna, tsohuwar ta fara da dariya. Sai dariyar ta tsaya.

"Ta ce muryar tsohuwa ce, amma maganar yara ce. Irin ta yarinyar da ba ta gama iya magana ba."

"Me take cewa?"

Maganar ta bi ta bakuna uku kafin ta iso ni. Hamadu ya kawar da kai sannan ya faɗa.

"Cewa take, ku gaya wa innata ina nan inda ta ce in zauna. Ban tashi ba. Ku ce ta zo, rana ta faɗi."

Dada ta ci gaba da magana ba wanda ya tambaye ta. Ta ce tana yarinya an yi shekarar da fara ta cinye dawa. Iyaye suka riƙa gangarowa da 'ya'yansu kasuwa, su ba fatake, a ba su hatsi su koma su ceci sauran. Uwa ba ta iya cewa ta bayar. Sai ta zaunar da yarinya a gindin bishiya ta ce, zauna nan, kada ki tashi, yanzu zan dawo. Na tambaya ko ta san gidan su Inna. Ta ce waɗanda aka bayar suna da yawa, ita ma an ba da ƙanwarta, amma ba za ta yi min ƙarya ta ce ita ce ba.

Na kira Dije. Na ce ta ƙara murya ta kanga wa Inna a kunne. Hamadu ya fito da tasa wayar yana ɗauka. Na riƙe wa Dada wayata a bakinta, ta yi kira da ƙarfi kamar mai kiran wani a ƙetaren rafi.

Sai na ji Dije ta ce, "Yaya! Ta buɗe ido! Ta juyo!"

Sannan muryar Inna ta fito, ba kalmomin nan na kullum ba, waɗansu ne sababbi, da sauri, suna tuntuɓe da juna. Dada ta amsa. Inna ta sake. Suka yi ta yi. Mariya ta daina fassara, ta tsuguna ta rufe fuska da zane. Ni da na sha nonon matar nan, ina tsaye riƙe da waya ban san ko kalma ɗaya ba. A ƙarshe Dada ta sassauta murya, ta faɗi wani abu a hankali, ta maimaita shi. Daga can ɓangaren ba a ƙara cewa komai ba, sai numfashi. Kuɗin wayar ya ƙare.

Na ce, "Me ta gaya mata?"

Hamadu ya tambayi Mariya, sannan ya ce, "Inna ta tambaya ko innarta ce. Tsohuwar ta ce mata a'a, amma daga gida take. Inna ta tambayi ƙaninta da wata akuya, tsohuwar ta ce duk suna lafiya. Na ƙarshen kuma cewa ta yi, innarki ta ce kin yi ƙoƙari, kin zauna. Ta ce ki tashi haka nan."

Na ba su abin da ya rage a jakata na garin kwaki da sukari. Dada ta riƙe hannuna ta tofa min albarka irin tasu, ni ma na yi mata tawa addu'ar. Washegari da sassafe muka kamo hanya. Rafin ya janye, a shingen nan ma ba a ko dube ni ba. Muka yi sallama da Hamadu a bakin iyaka, ya tura min maganar da ya ɗauka, ya ce in gaishe da Inna.

Layina na gida bai kama sosai ba sai da muka wuce Biu. Kiran Yaya ne ya fara shigowa. Ya ce, "Isyaku, sai haƙuri. Inna ta cika da hantsi." Na ce su jira ni. Ya ce, "Ka san ba a jira." Matar da ke kusa da ni a mota ta ga fuskata, ta yi min magana da wani yare, ban san ko wanne ba ne, ban kuma tambaya ba.

Na iso gida an riga an kai ta. Dije ta ce tun bayan wayar nan Inna ba ta ƙara yin magana ba, da kowane yare, kuma ba ta ƙara kuka ba. Ta karɓi kunu a ranar, ta sha da ɗan dama.

Bayan sadakar uku, da masu gaisuwa suka ragu, Yaya ya kira ni zaure ya ce in kunna masa. Ya saurara tun daga farko har ƙarshe, kansa a sunkuye. Na faɗa masa fassarar yadda aka ba ni, har da zancen hatsin da gicciyen da ke wuyan tsohuwar. Ban rage komai ba. Ya share fuska da hannun riga.

"Su mutanen nan, ka ce ba su yi noma ba bana?"

"Ba su da inda za su yi."

"In an yanke dawa, a ware tasu. Ni zan biya mota."

Dawa ta yi kyau bana. Da aka sussuka, Yaya da kansa ya auna ya ɗinke buhunan. Na kira Hamadu na ce ya je ya shaida musu muna tafe. Ya kira ni bayan kwana biyu ya ce ya je, bukkokin babu kowa. Maƙwabta sun ce yunwa ta ishe su, sun kwashe sun koma dutsensu tun kafin kaka, Mariya ta goya tsohuwar a baya. Na ce to ya bi su can. Ya ce, "Malam, hanyar nan an rufe ta. Tun watan jiya ba wanda ya gangaro daga dutsen."

Buhunan suna nan jingine a ɗakin Inna. Matar Yaya ta yi maganar ƙwari za su shiga, ya ce a zuba magani. Ya hana kowa ya taɓa.